Maganin Hawan Jini Mai Rage Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai ba baƙo ba ne a Dirin Daji da ƙauyukan ƙasar Zuru. Yakan kama gefe ɗaya na kai, yana sara kamar ana daka. Mai shi ba ya son haske, ba ya son hayaniya, wani har amai yake yi. Ya fi kama mata. In ya taso da damina, sai a bar gona a kwanta, wani lokaci har kwana biyu ko uku.

Akwai wata ƙwayar hawan jini mai suna Propranolol, wasu sun san ta da Inderal. Wani masani ɗan Birtaniya, James Black, ya haɗa ta a shekarun 1960 domin masu ciwon zuciya. A 1966 likitoci suka lura cewa wani majinyaci da ke shan ta saboda ciwon ƙirji ya sami sauƙin ciwon ɓarin kai. Aka bincika, aka ga gaskiya ne. Shi ya sa likita kan rubuta ta ga mai wannan ciwo, ko da jininsa bai hau ba.

To, amma ba kamar Panadol take aiki ba. In ciwon ya riga ya taso, ba ta kwantar da shi. Aikinta tarewa ne. Kullum ake shan ta, sai bayan makonni, wani lokaci wata biyu, ciwon ya rage yawan zuwa.

A nan ne ake yin kuskure. Mace ta ji daɗin ƙwayar, sai ta ɗiba ta ba maƙwabciya. Taimako ta nufa, amma akwai haɗari. Ƙwayar tana rage bugun zuciya, tana saukar da jini. Mai fuka, wato asma, in ya sha, numfashinsa na iya sarƙewa, har a rasa rai. Mai ciwon sukari kuwa, tana iya ɓoye masa alamar sukarinsa ya yi ƙasa. Wanda ya daɗe yana sha, kada ya daina rana ɗaya. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Wanda ciwon ke yawan damunsa, kada ya saya wajen mai talla ranar kasuwa. Ya je asibiti a Dirin Daji ko Zuru, a auna jininsa da bugun zuciyarsa tukuna. Mace mai ciki ko mai goyo ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.