Idan layi ɗaya ya mutu: abin da mai injin wuta a Akokan ya kamata ya sani

Wutar da Arlit da Akokan suke sha tana zuwa ne daga tashar SONICHAR ta Anou Araren, kusa da Cirozerin, inda ake ƙona kwal tun 1981. Injina biyu ne kacal a tashar, su ke ciyar da ma'adinai da garuruwan arewacin Agadas. Duk ranar da kuran ya ɗauke, mai walda da mai injin niƙa da mai ƙanƙara sai su koma kan gurub, wato injin wuta. A nan ake yawan jin kukan: “Faz ɗaya ta tafi.” Wato layin wuta ɗaya ya mutu. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, rabon kaya ne aka yi masa ba daidai ba.

Gurub mai layi uku, wanda masu sana'a ke kira tirifaze, yana fitar da wayoyin wuta uku da ta huɗu mai suna nutur. Tsakanin kowane layi biyu akwai bolt 380, tsakanin layi da nutur kuwa 220. Ƙarfin da aka rubuta a jikin injin na ukun ne a haɗe. Mai injin kVA 15, abin da kowane layi zai ba shi kVA 5 ne, wajen amfiya 23. Tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: in aka jingina nauyin a dutse ɗaya, sai ta kife. Wanda ya jera firiza da injin walda da na'urar sanyaya ɗaki a layi guda, ya bar biyu da ƙwan fitila, wayar tagullar wannan layin za ta yi ta gasuwa a cikin injin, alhali ƙarar injin ba ta nuna ya gaji ba. Wutar layin mai nauyi ta faɗi, ta sauran ta hau. A watan Mayu da Yuni, da zafi ke haura digiri 40 kuma ƙura ta toshe kafofin iska, ƙonewar ba ta ɗaukar lokaci.

Mutuwar layi ɗaya ta fi yi wa mota mai layi uku illa, irin ta injin niƙa ko famfon rijiya. In tana tsaye, sai ta yi ta gurnani ba ta juya ba. In tana cikin juyawa, ba za ta tsaya ba, amma layi biyun da suka rage za su ja ƙarin wuta wajen kashi 73 cikin 100, har ta ƙone. Da jin wannan gurnani, a kashe nan take.

Bincike daga tushe ake fara shi. A sauke dukkan kaya, a kashe disjonkter (makunnin kariya), a auna wuta a bakin injin, layi da layi, sannan kowane layi da nutur. In ukun sun cika, laifin yana gaba: fis da ya tsinke, haƙorin disjonkter da ya ƙone, makunnin sauya layi, ko noti da jijjiga ta kwance. Baƙin tabo da warin roba sukan nuna wurin. In ukun sun yi ƙasa tare, a duba gudun injin da na'urar daidaita wuta. In layi ɗaya ne babu tun daga bakin injin, a kashe shi, mai gyara ya auna naɗin tagulla da mahaɗansa. Ba a ɗaure noti ko taɓa waya injin na aiki.

Nutur kuwa, in ta tsinke ta fi kowace ɓarna. Layin da ba shi da kaya masu nauyi sai wutarsa ta doshi 380, ta cinye talabijin da caja da fitilu, layin mai nauyi kuma ya dusashe. Wasu fitilu sun yi haske fiye da kima, wasu sun yi ja: alamarta ke nan.

Maganin ba mai tsada ba ne. A kunna kayan yadda aka saba, a auna kowane layi da mitar da ake maƙala wa waya, a rarraba manyan kaya har ukun su kusanci juna. A sa wa mota na'urar da ke yanke wuta in layi ya ɓace. Kada a haɗa gurub da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin kamfanin wuta NIGELEC ba, domin wutar na iya komawa ta kashe ma'aikacin da ke kan turke.

Akokan gari ne da aka gina don ma'aikatan COMINAK, kamfanin da ya fara haƙar uraniyom a Akouta a 1978, ya rufe ran 31 ga Maris 2021. Shekaru 43 na wannan aiki sun horar da masu gyaran wuta da suka san layi uku ciki da bai. Mai injin da ya kira irinsu su auna masa kafin ya ɗora kaya, ya tsira daga kuɗin sabon naɗi da asarar kwanakin aiki. Matasa masu koyon sana'a kuma su matsa kusa da su, su ɗauki wannan ilimi tun masu shi suna nan.