Mayar da Murhun Gashi Kanti Bayan An Ci Moriyarsa

A ƙasar Amurka akwai wani babban kanti, Costco, wanda ya yi wa masu ciniki alkawari cewa in kaya ba su gamshe su ba, su komo da su a ba su kuɗinsu. Galibin kayan ba a yanka musu wa'adi ba.

To, a ce mutum ya sayi murhun gasa nama, irin mai aiki da iskar gas. Ya shekara biyar yana gashi, har ƙarfen ya yi tsatsa, sa'an nan ya kinkimo shi ya ce bai gamsu ba. Dokar kanti ta yarje masa. Amma ya kyauta?

A ganinmu bai kyauta ba. Domin aibi aka yi alkawarin nan, watau irin wanda murhu ya zo da shi tun daga maƙera, kamar bututu mai yoyon gas. Tsatsar shekara biyar kuwa tsufa ce. Malaman fikihu ma haka suka rarrabe: aibin da ya riga ciniki shi ke halatta mayarwa.

Hasarar kuma ba kan kanti kaɗai take tsayawa ba, har sauran masu saye takan shafa. Cikin 2007 Costco ya tsuke wa'adin mayar da talabijin da irinsu zuwa kwana 90. Kamfanin L.L. Bean, wanda aka kafa 1912, ya daɗe yana karɓar takalma komai tsufansu, har waɗansu suka shiga sayo gwanjo suna kawo masa. Cikin 2018 ya mayar da wa'adin shekara guda ga kowa da kowa, bayanta kuwa sai kayan da aibinsu na ƙira ne.