Ɗanɗanon Gem Kyauta: Me Yake Isowa Rano da Kibiya?

A watan Disambar 2021 kamfanin Epic Games na Amurka ya saki The Matrix Awakens kyauta ga masu PlayStation 5 da sababbin Xbox. Ba cikakken gem ba ne, ɗanɗano ne: birni mai gine-gine kusan 7,000, motoci da mutane suna ta kai-komo, ga fuskar jarumin fim Keanu Reeves wadda sai ka ƙura ido kafin ka gane ba kyamara ce ta ɗauke ta ba. A Yulin 2022 aka janye shi. Wanda bai sauke ba ya rasa.

Me ya sa kamfani zai kashe maƙudan kuɗi ya bayar a banza? Da can, bambancin PS2 da PS3 ba ya buƙatar bayani, ido ke gani. Tsakanin PS4 da PS5 kuwa sai an nuna maka, ga shi a shekarar farko ta PS5 sababbin gema-geman da aka yi dominta kaɗan ne. Dole a ba wanda ya biya dala 499 ya sayi PS5 abin da zai nuna wa abokai. Amma ainihin wanda Epic ke zawarci shi ne mai ƙera gem. Injinsa na Unreal Engine kyauta ake saukewa, sai cinikin gem ya haura dala miliyan ɗaya kamfanin ya fara karɓar kashi 5 cikin ɗari. Sony mai ƙera PS5 ma ba 'yar kallo ba ce: a Mayun 2020 aka fara nuna Unreal Engine 5 a kan PS5, a Yuli ta zuba dala miliyan 250 a Epic. Yankan ɗanɗano ne irin na mai tsire, wanda ya san akwai kuɗi a aljihunka.

To, a Rano da Kibiya na jihar Kano aljihun fa? Gem a nan ba na falo ba ne, na shago ne. Benci biyu, talabijin a jikin bango, janareta na kuka a waje, samari na jiran layi, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Ƙwallo ake bugawa, PES ko FIFA, yawanci a tsofaffin na'urori da aka sayo na hannu daga Kano. Lissafin mai shago a bayyane yake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a dala cikin 2024, kuɗin PS5 ɗaya sai ya sayi tsofaffi da dama, kowacce tana kawo ciniki. Ko ya saya, ko da ma ba a janye ɗanɗanon Matrix ba, ya haura gigabait 20, ga data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Kuma gem ne na mutum ɗaya. Ba wanda zai biya don ya yi yawo a birnin da babu abokin karawa.

Abin da ke isowa dai bidiyonsa ne, ta TikTok da YouTube, ko ta Xender daga wayar aboki. A nan abin yake da ban dariya: hoton da aka ƙera don babban allo ana kallonsa a matse, a fuskar waya mai tsagewa, duk kyan da ake tallar ya zube a hanya. Duk da haka tallar tana ci. Yaron da bai taɓa riƙe hannun PS5 ba ya san sunanta, ya fara raina abin da ke gabansa, yana ce wa mai shago, "Oga, yaushe za a kawo sabuwa?" Mai shagon kuwa sai ya je a ɗora masa sababbin riguna da sunayen 'yan wasan bana a kan tsohon PES, ciniki ya ci gaba.

A ganina ba ɗanɗanon Matrix ne ya taɓa shagunan nan ba, kyautar Konami ce, kamfanin da ya ƙera PES. A 2021 kamfanin ya ajiye sunan PES, a Satumba ya fito da eFootball kyauta bayan dogon alkawarin hoto na zamani. Abin ya zo da kunya: fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin ba'a a duniya, har kamfanin ya nemi afuwa. Sai dai shi yana hawa wayar Android, kuma daga baya an gyara shi. Saurayin da a da sai ya je shago yanzu yana iya buga ƙwallonsa a ƙofar gida, kuɗin da zai ba mai gem ya koma wajen mai caji da mai sayar da data.