Ƙaramin Tafki da Mutanen da Ke Kwana a Ƙarƙashinsa

Da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ranar 6 ga Nuwamba, 1977, madatsar ruwa ta Kelly Barnes da ke kusa da garin Toccoa a jihar Jojiya ta Amurka ta ɓalle. Ba wata babbar madatsa ba ce. Tudun ƙasa ne da tsayinsa bai wuce mita 12 ba, tsawonsa kuma kamar mita 120, ya tare wani tafki da ake zuwa shaƙatawa. An yi kwanaki ana ruwa, tafkin ya cika, ƙasar ta jiƙe sharkaf. Da ta saki, ruwan ya bi rafi ya faɗo daga kan wani dutse mai tsayin mita 57, ya afka wa harabar wata kwalejin koyon addinin Kirista da ke cikin kwarin, inda ɗalibai magidanta ke barci da iyalansu. Mutum 39 suka rasu, da yawansu yara.

Tarihin wannan madatsa ya fi daren da ta fashe ɗaukar darasi. An fara gina ta a 1899 don samar da wutar lantarki. Daga baya aka jibga ƙasa a kan tsohon ginin, aka sake ƙara mata tsayi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1957 aka daina samar da wuta, tafkin ya koma wurin hutawa kawai. Daga nan ta zama marainiya. Muddin dam na ba da wuta ko ruwan sha, akwai ma'aikacin da ke kewaya shi, akwai kuɗin shiga da za a yi gyara da shi, akwai kuma wanda zai yi asara nan take in ya lalace. Dam ɗin shaƙatawa ba shi da ko ɗaya. Kyansa ne amfaninsa, kuma kyan ne ke ɓoye ciwonsa: itatuwan da suka rufe gangaren Kelly Barnes sun ƙawata wurin a idon baƙo, alhali a idon injiniya kowace bishiya a jikin dam barazana ce. Don haka nake ganin ƙanƙantar dam ko kasancewarsa na nishaɗi ba hujja ba ce ta sassauta masa ido. Ma'aunin haɗarinsa shi ne mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa, kuma dole mai duba shi ya zama wani dabam, ba mai shi ba.

Dam na ƙasa ta hanya biyu ya fi mutuwa. Ta farko ita ce ruwa ya haura samansa. Ƙasa ba ta jure ruwa mai gudu a kanta. Da zarar ya samu ɗan gurbi sai ya zaizaye shi, gurbin ya faɗaɗa, cikin ɗan lokaci ya zama ƙofa. Shi ya sa ake yi wa kowane dam mafitar rarar ruwa a gefe, wadda ya kamata ta isa ta ɗauke ruwan damina mafi muni, ba na damina mai matsakaicin ruwa ba. Ta biyu ta fi ban tsoro, domin daga ciki take ci. Kowane dam na ƙasa yana tsattsafo da ruwa kaɗan, wannan ba laifi ba ne. Matsalar tana farawa ne in ruwan ya fara fita da ƙasa. Saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe, ko ramin dabba, ko tsohon bututun da ya yi tsatsa a cikin ginin, duk suna buɗe wa ruwa hanya, ya riƙa kwashe ƙasa ƙwaya-ƙwaya har ya haƙa rami daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya san aikin in ya zo, gindin dam yake nufa ta baya. Yana duba ko akwai wurin da ciyawa ta yi kore shar alhali kewayenta a bushe yake, ko ƙafa na nutsewa a laka, ko ruwan da ke tsiyaya garau yake ko ya gurɓace. Ruwa garau ana iya sa masa ido. Ruwa mai launin ƙasa yana nufin dam ɗin ne ke fita da kansa. Kwamitin da ya binciki Kelly Barnes bai iya tsayar da dalili guda ba, amma ya ambaci zamewar gangare mai tsayuwa da yawa da zaizayewar ciki, abubuwan da idon ƙwararre kan hango tun da wuri.

Amurka ta riga ta ga irin wannan tun 1889. Tafkin Conemaugh a jihar Pensilbeniya mallakar wata ƙungiyar attajirai ce ta masu kamun kifi da farauta, cikinsu har da Andrew Carnegie. An rage tsayin madatsar don a faɗaɗa hanyar keken doki a samanta, an sa raga a mafitar ruwa don kada kifi ya tsere, bututun da ake rage ruwa da su kuma, da aka riga aka cire, ba a mayar ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi shi ne don jin daɗin masu tafki, kowanne kuma ya rage tsaron mutanen kwari. Ranar 31 ga Mayu madatsar ta fashe, mutum 2,209 suka mutu a garin Johnstown da ke cikin kwarin da kewayensa, kuma babu kotun da ta sa ƙungiyar biyan diyya. Mai cin moriyar tafki a sama yake zaune, mai ɗaukar haɗarinsa a ƙasa, kuma ba a shawartarsa.

A 1972, bayan wasu madatsu sun fashe sun kashe ɗaruruwa, majalisar Amurka ta yi dokar duba madatsu, amma aikin ya tsaya a ƙirga su. Sai bayan Toccoa, wadda ke jihar Shugaba Jimmy Carter ta haihuwa, aka tura injiniyoyin soja su duba madatsu kusan 9,000 da ba na gwamnatin tarayya ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku aka samu ba su da aminci. Jojiya ta yi tata dokar a 1978. Tsarin da ake bi yana rarraba madatsu gwargwadon abin da zai faru in sun fashe: wadda za ta ci rai tana sahun farko, komai ƙanƙantarta. Kuma matsayin na canzawa, domin dam ɗin da aka gina a daji yakan wayi gari da unguwa a ƙarƙashinsa.

Mai dam zai ce filinsa ne, kuɗinsa ne, me ya kawo hukuma? Da ruwan zai tsaya a iyakar filinsa da maganarsa ta yi ƙarfi. Wani zai ce gyaran ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyar maƙwabta ko ƙaramar makaranta, kuma wannan gaskiya ce, faɗaɗa mafitar ruwa ba ƙaramin kuɗi take ci ba. Amma rashin kuɗi ba ya rage nauyin ruwan da ke bayan dam. Wanda ba zai iya gyara ba yana da zaɓi: ya rage ruwan tafkin, ko a yanke dam ɗin a saki rafin ya koma hanyarsa. Mai cewa ruwan sama ƙaddara ne, shi ma bai yi ƙarya ba. Sai dai bishiyar da aka bari ta shekara ashirin a jikin dam ba daga sama ta sauko ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce cewa sa ido ma ba ya hana fashewa. Madatsar Edenville a jihar Mishigan misali ce. Hukumar tarayya ta yi shekaru tana gargaɗin cewa mafitar ruwanta ta yi kaɗan, har ta soke lasisin samar da wutarta a 2018. Soke lasisin ya yanke kuɗin shiga, ya mayar da kulawa hannun jiha, tafkin kuma ya ci gaba da zama a wurin, masu gidajen bakin tafkin suna son a bar shi cike. A ranar 19 ga Mayu, 2020 ta ɓalle. Abin da wannan ya nuna shi ne takardar gargaɗi ba ta tare ruwa. Mai duba yana bukatar ikon tilasta rage tafki, da asusun da za a yi gyara da shi in mai dam ya gaza. Amma akwai ɓangaren da ya yi aiki: an kwashe mutum kusan 10,000 daga kwarin, kuma babu wanda ya mutu, domin an san inda ruwan zai bi, an san wanda zai ba da umarnin tashi. A Toccoa babu irin wannan shiri.

Batun bai yi nisa da mu ba. Tafkin Bagauda a jihar Kano, wanda otal ɗin da ke bakinsa ya yi suna a matsayin wurin hutawa kafin ya koma reshen makarantar horon lauyoyi, madatsarsa ta ƙasa ta fashe a watan Agustan 1988. Ƙananan madatsun ƙasa kuwa sun cika karkarar Arewa, wasu an yi su don shayar da dabbobi ko noman rani, hukumar da ta gina su ta daɗe da janye jiki, sun koma wurin wanka da su da yawon yara. Abin da mazauna ƙasan irin wannan dam za su nema a wurin ƙaramar hukuma ko hukumar raya kogunan yankinsu ba shi da wuyar faɗa: sunan wanda dam ɗin ke hannunsa, ranar da injiniya ya duba shi na ƙarshe, da wanda zai tashe su in ruwa ya kai baki da tsakar dare.