"I" ko "A'a": Djibo Bakary, Sékou Touré da zaɓen 1958

Idan dattawanmu na Zongo suka tsunduma hirar zamanin Faransa, da wuya a watse ba a ambaci ranar 28 ga Satumba 1958 ba. A ranar ce Janar De Gaulle ya ba ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ko "I", su zauna ƙarƙashin inuwarta, ko "A'a", su karɓi 'yanci nan take, tallafi kuma ya yanke. Shugabannin gwamnati biyu ne a Afirka ta Yamma suka kira jama'arsu zuwa ga "A'a": Sékou Touré a Gini, da Djibo Bakary a Nijar. Dukansu sun fito daga ƙungiyoyin ƙwadago, dukansu masu kaifin harshe ne. Amma a Gini "A'a" ta samu kusan kashi 95 cikin ɗari, a Nijar kuwa ba ta kai kashi 25 ba.

Sau da yawa mukan ji ana cewa Touré ya fi Djibo zuciya. A ganinmu ba nan gizo ke saƙa ba. Tun a ƙarshen 1957 Touré ya soke sarautar sarakunan kanto, jam'iyyarsa ta PDG ta kafa rassa har ƙauyuka, saboda haka ranar zaɓe babu wanda ya shiga tsakaninsa da talaka. Djibo kuwa ya hau mulki a 1957 da goyon bayan sarakuna da dama. Ƙarfin jam'iyyarsa ta Sawaba yana wajen 'yan ƙwadago, direbobi da ƙananan 'yan kasuwa na garuruwa irin su Maradi da Damagaram. Da Faransa ta aiko da sabon gwamna, Colombani, sarakunan suka juya masa baya, ƙuri'un karkara suka bi su. Sunan Sawaba ma Hausa ne, kuma kalmar ce taken NEPU ta su Malam Aminu Kano tun 1950. Su ma da masarautu suka yi ta karawa, har aka kai ga 'yancin Nijeriya ba su kafa gwamnati a Arewa ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba mu tausayi. An haramta Sawaba a 1959, Djibo ya yi gudun hijira, yunƙurin mayaƙansa na 1964 ya wargaje, an kuma harbe wasu a bainar jama'a. A 1965 aka jefa wa Shugaba Diori Hamani gurneti wajen sallar layya a Yamai, aikin da ba mu da bakin kare shi. Djibo ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, aka tsare shi shekaru, ya rasu a 1998. Touré da ya ci nasara ya yi mulki har 1984, kuma a kurkukunsa na Camp Boiro ne Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu da yunwa a 1977.

Mu a nan Haute-Volta ta wancan zamani fa? Jagoranmu Ouezzin Coulibaly, malamin makaranta kuma jigon RDA, ya rasu a Paris ran 7 ga Satumba 1958, saura mako uku zaɓe. Ƙasar ta ce "I" kusan baki ɗaya. A watan Oktoba Mogho Naba Kougri ya tura mayaƙansa su kewaye majalisa a nan Wagadugu don a ɗora mulki a hannun sarauta, abin bai yiwu ba. Maurice Yaméogo ya gaji kujerar, shi ya karɓi 'yanci ran 5 ga Agusta 1960, kwana biyu bayan Nijar.