Kaɗaicin Tsofaffi a Lokacin Annoba: Tsokaci Daga Birnin Kebbi da Argungu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda annoba kan jefa tsofaffi tukuf cikin kaɗaici, ko da kuwa suna zaune tsakiyar iyalinsu. Za mu kafa hujja da cutar korona ta 2020 a Birnin Kebbi da Argungu.

2.0 Keɓewa da Kaɗaici

Wajibi ne mu bambanta abubuwa biyu. Keɓewa ita ce ƙarancin mutanen da ake cuɗanya da su. Kaɗaici kuwa shi ne abin da zuciya ke ji idan hulɗar da aka samu ba ta kai wadda ake bukata ba. A ƙasar Kabi da wuya a iske tsoho shi kaɗai a gida, amma tsararrakinsa ba a gidan suke ba. A masallaci da zaure da wurin ta'aziyya yake gamuwa da su, tsohuwa kuma a gidan suna da biki.

3.0 Abin da Annoba ta Yanke

A watan Maris 2020 Argungu ta cika maƙil domin bikin kamun kifi a Matan Fada. A ranar 11 ga wannan watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annobar duniya. Bayan haka aka taƙaita taruwa, aka yi kira da a bar musafaha, aka kuma hana tafiya tsakanin jihohi har 1 ga Yuli. Saboda haka 'ya'yan da ke aiki Legas ko Abuja da dama ba su zo gida ƙaramar salla ba. Haka kuma a 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba, alhali jiran shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara tamanin. Wayar salula ta rage zafi, amma amfaninta kaɗan ne ga wanda jinsa ya yi rauni.

4.0 Kammalawa

Ba mu musanta amfanin waɗannan matakai ba, domin tsofaffi ne cutar ta fi hallakawa. Abin da muke cewa shi ne, Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, dokar da ta ɗaure ƙafa kuwa dole ta tanadi madadi. Shawararmu ita ce, idan wata annobar ta zo, masu unguwanni da limamai su ƙididdige tsofaffin unguwarsu, a wakilta wa kowannensu mai zuwa gaishe shi kullum, a fili, daga ɗan nesa.