Wa zai fara magana a ƙarƙashin teku?

Duk wanda ya taɓa zama taron unguwa ya san dokar: ka kasa kunne, in ka ji shiru sai ka ɗauki magana. Da wannan dokar Wi-Fi ɗin gidanka ke aiki. Ni dai na ɗauka ko'ina haka ne, sai da na shiga karatu kan na'urorin da ake nutsarwa cikin teku, irin masu gadin kayan haƙar mai da masu gargaɗin tsunami.

A can ƙasa rediyo ba ya aiki, ruwan gishiri na shanye siginarsa cikin 'yan mitoci. Sai sauti, shi kuwa kusan mita 1,500 kacal yake ci a daƙiƙa guda. To, a ce na'urori biyu na da tazarar kilomita 3. Ɗaya ta fara magana, ɗayar ba za ta ji ba sai bayan daƙiƙa 2. Ta saurara, ta ji tsit, ta saki nata saƙon, sai saƙonnin biyu su yi karo a kunnen ta ukun da ke tsakaninsu. Ashe shirun da ta ji tsohon labari ne.

Karon nan kuwa ba ƙaramar asara ba ce. Aika saƙo ya fi sauraro cin batir nesa ba kusa ba, kuma canza batir a wuri mai zurfi kamar filin mai na Jubilee a tekun Ghana, inda ruwa ya haura mita 1,000, sai da jirgi da ma'aikata. In saƙon gargaɗi ne ya salwanta, maganar ta zama ta rayuka.

Masana sun gwada dabaru. Akwai ALOHA, wadda Norman Abramson ya ɓullo da ita a Jami'ar Hawaii wajen 1970: yi maganarka kawai, in an yi karo ka ɗan jira ka sake. Tana yi in masu magana kaɗan ne. Akwai neman izini kafin aikawa, amma jiran amsa kaɗai kan cinye lokacin. Akwai raba wa kowa lokacinsa, sai dai dole agogo su zo ɗaya, ga shi GPS ba ya shiga ruwa.

Wadda ta fi burge ni ita ce T-Lohi ta 2008. Na'ura kan yi ɗan gajeren sauti, kamar gyaran murya, ta jira ta ji ko wata ma ta yi. In ita kaɗai ce, fili nata ne. Wai kalmar lohi a harshen Hawaii "a hankali" take nufi.

Sai a 2017 ƙungiyar NATO ta amince da JANUS, harshe guda da na'urorin kamfanoni daban-daban za su iya gane juna da shi a ruwa. Gudunsa bit 80 ne a daƙiƙa, wato harafi goma.